An kira mu jin ra'ayi kan dokar kasuwa: mu je ko mu yi zamanmu?

Tambayar ta zo daga sakataren wata ƙungiyar masu rumfa da 'yan tebur. Ya ce majalisar kansilolin ƙaramar hukumarsu ta sanar cewa za ta yi sabuwar doka kan kuɗin rumfa, tsaftar kasuwa da dabbobin da ake saki suna yawo, kuma ta sa ranar jin ra'ayin jama'a nan da mako 3. Dattawan ƙungiyar sun ce ɓata lokaci ne, an riga an gama magana a ofis. Yana tambaya ko su je, in kuma za su je, me za su faɗa.

Malam Sakatare, ku je, amma kada ku je hannu rabbana. Dattawanku ba ƙarya suka yi ba. An sha kiran irin wannan taro a raba ruwan leda, a ɗauki hoto, a watse, sannan doka ta fito yadda aka rubuta ta tun farko ko wasali ba a taɓa ba. Na ga haka a aikin da na yi da majalisun ƙananan hukumomi. Na kuma ga inda aka cire sashe sukutum, aka rage kuɗi, aka ɗage ranar fara aiki da doka saboda mutanen kasuwa. A duk inda na ga an yi wannan gyara, mutanen da takarda suka zo. Wanda ya zo da baki kawai, maganarsa a zauren take ƙarewa. Wanda ya zo da rubutu, ya ce sashe kaza ga abin da ya faɗa, ga kuma yadda muke so a mayar da shi, ya bar wa akawun majalisa abin da zai kwafa lokacin da yake haɗa rahoton kwamiti. Wannan rahoton shi ne abin da kansiloli za su zauna a kansa, ba ihun da aka yi ranar taro ba.

Saboda haka aikinku na farko samun daftarin dokar ne, cikakke, har da jadawalin kuɗaɗen da ake maƙalawa a ƙarshensa. Kada ku yarda da taƙaitawar da mai shela ko rediyo ya bayar. Ku rubuta wasiƙa gajera zuwa ga akawun majalisar kansiloli, ku yi kwafi biyu, ku kai sakatariya, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku kwafin. Kansilan mazaɓarku ma ya kamata yana da nasa, ku nema a wajensa. In aka fara yi muku je-ka-ka-dawo, ku ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Jihohi da yawa sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta shafe su ba, sai a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafe su. Da wuya ma ku kai ga nan. Galibi ma'aikacin da ya ga wasiƙa mai hatimi yakan gane cewa mutanen nan ba za su tafi haka ba.

Daftarin da Turanci zai zo. Ku nemi wanda zai fassara muku shi sashe-sashe, malamin makaranta ko ɗan wani daga cikinku mai karatun lauya, ku zauna bayan la'asar kwana biyu ko uku ku bi shi a tsanake. Ku sani ba kansiloli ne suka fi rubuta waɗannan daftarai ba. Sau da yawa sashen tara kuɗin shiga ne, ko wani ɗan kwangila, kuma akan kwafo daga wata ƙaramar hukumar. Na taɓa riƙe daftarin da aka manta ba a goge sunan garin da aka kwafo shi ba a wani shafi na ciki. Wannan yana nuna muku cewa mai yiwuwa kansilolin da za su zauna a gabanku ba su fi ku sanin abin da ke ciki ba, kuma wasunsu za su ji daɗi in kun nuna musu inda dokar za ta haɗa su faɗa da masu zaɓensu.

Tambayar farko da za ku yi wa kowane sashe ita ce: ƙaramar hukuma tana da hurumin wannan? Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu, ya kuma bar wa majalisar dokokin kowace jiha ta tsara yadda za su yi aiki. Jadawali na Huɗu ya jera ayyukansu. A ciki akwai kafawa da kula da kasuwanni, tashoshin mota, kwata da banɗakunan jama'a. Akwai kwashe shara, gyaran magudanun ruwa, ba da lasisin kekuna, baro, amalanke da kwalekwale, kula da shaguna da tireda, gidajen abinci da gidajen burodi, allunan talla, da kiwon dabbobin gida da yawonsu. Kun ga ke nan abubuwa ukun da aka ambata muku duk suna cikin huruminta, don haka kada ku ɓata lokaci kuna cewa ba ta isa ta yi dokar kasuwa ba. Ta isa. Abin da za ku bincika shi ne ko ta tsallake iyaka a ciki. Dokar ƙaramar hukuma tana ƙarƙashin dokar jiha, kuma duk dokar da ta saɓa wa kundin tsarin mulki, sashe na 1(3) ya ce ba ta da ƙarfi gwargwadon saɓawar. In kuɗin da ake son ɗora muku akwai hukumar jiha da ke karɓar irinsa, wannan ɗora kaya biyu ne a kan abu ɗaya, kuma hujja ce mai ƙarfi. Dokar tarayya ta 1998 da ta raba nau'o'in haraji tsakanin matakan gwamnati uku, a lokacin ta sa kuɗin kasuwa a hannun ƙaramar hukuma, amma ta cire kasuwar da kuɗin gwamnatin jiha ya shiga cikinta. Wasu jihohin kuma sun yi tasu dokar ta haɗe haraji wuri guda. Kaduna ta yi haka a 2016, ta mayar da tara kuɗin shiga hannun hukumar haraji ta jiha, ta hana ma'aikaci karɓar tsabar kuɗi a hannu. Ku nemi dokar ƙananan hukumomi da dokar haraji ta jiharku, domin abin da ke aiki a Zariya ba lallai ne shi ke aiki a Gumel ko Argungu ba.

Akwai wata tambayar da ba a cika yi ba: su waye a kan kujerun? A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar na Tarayya ya shigar da jihohi 36, ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma ko kwamitin riƙo. In zaɓaɓɓu ne a garinku, shi ke nan. In naɗaɗɗu ne, dokar da za su yi ƙafarta ba ta taka ƙasa sosai ba, kuma kuna iya faɗin haka cikin ladabi a takardarku.

Inda ya fi dacewa ku daɗe shi ne sassan hukunci da na ƙwace kaya, domin nan ake cutar talaka, ba a wajen adadin kuɗin rumfa ba. Mutane sukan tafi taro duk hankalinsu yana kan an mayar da naira kaza naira kaza, su bar layin da zai ci musu jari. A ce kun tarar da sashe kamar haka: duk wanda ya kasa kaya a wurin da ba a amince ba, za a ƙwace kayansa, a kuma ci shi tarar da hukuma ta ga ta dace. A kunne magana ce mai kyau, kowa yana son a buɗe hanya motar kashe gobara ta samu shiga. To amma wane wuri ne aka amince da shi? Waye ya shata shi, kuma ina aka liƙa taswirar? In ba a faɗa ba, duk inda ma'aikaci ya nuna da yatsa ranar nan shi ne haramtacce, gobe kuma ya halatta ga wanda ya ba da na goro. Kayan da aka ƙwace ina za a kai su? Wa zai ƙirga, wa zai sa hannu? Mai kwandon tumatir ko mai ƙwaryar nono da aka riƙe wa kaya kwana biyu, an ci shi tara mafi girma tun kafin a saurare shi. Sai kuma tarar da hukuma ta ga ta dace, wadda ita ce mafi muni. Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulki ya ce ba a kama mutum da laifi sai an fayyace laifin an kuma rubuta hukuncinsa a doka. Tarar da ba ta da adadi ba a rubuta ta ba ke nan.

Ga yadda za ku mayar da shi a takardarku. Hukuma za ta shata wuraren kasa kaya tare da sarkin kasuwa da wakilan ƙungiyoyi, ta liƙa taswira a ƙofar kasuwa. Wanda ya saɓa, za a ba shi gargaɗi a rubuce a karon farko. A karo na biyu zai biya tarar naira kaza, da rasit na hukuma. Ba za a ƙwace kayan da ke lalacewa ba. Duk kayan da aka ɗauka za a rubuta su a gaban shaidu biyu a ba mai su kwafi, a mayar masa da zarar ya biya. Wanda bai yarda ya yi laifi ba yana da damar a kai maganar gaban kotu. Wannan rubutun bai hana hukuma komai daga abin da take so na gaskiya ba, hanya za ta buɗe. Abin da ya toshe kawai shi ne ƙofar zalunci. Kansilan da ya ƙi shi sai ya fito fili ya faɗi dalilinsa, kuma da wuya ya samu dalilin da zai iya faɗa a gaban jama'a.

A kan kuɗin kuwa, ku yi lissafi kafin ku tafi. Ana rubuta kuɗi a kullum ne domin ya yi ƙanƙanta a ido. A ce an sa wa ɗan tebur naira 200 a rana. In yana fitowa kwana 26 a wata, naira 5,200 ke nan, a shekara 62,400. Ku ajiye wannan kusa da abin da aka sa wa mai babban shago a shekara. Ba mamaki ku tarar mai sayar da ƙuli-ƙuli a faranti ta fi mai shagon atamfa biya. Ku haɗa har da sauran abin da kuke bayarwa yanzu, na shara, na gadi, na sauke kaya, ku kawo tsofaffin rasit a matsayin shaida. Sannan ku nemi a rubuta a cikin dokar abin da za a yi muku da kuɗin: kwashe shara sau nawa a mako, gyaran banɗaki, famfo, fitila. Ku nemi a rubuta wanda zai karɓa, da katin shaida, da asusun da kuɗin zai shiga. In za a ba ɗan kwangila karɓar, a faɗi haka a fili. Yaran da ke tare mutane da sanda da igiya a bakin kasuwa galibi daga irin wannan kwangilar da ba a rubuta iyakarta ba suke fitowa.

Ina ba ku shawara kada ku tafi da niyyar ƙin komai. Kasuwa tana da ƙazanta, kun fi kowa sani. Kwalbati a cushe da leda, damina ta zo ruwa ya shiga rumfuna, ƙuda a kan nama. In kuka tashi kuka ce ba ku son doka kwata-kwata, duba-gari zai miƙe ya bayyana halin da kwata take ciki, jama'a su ba shi gaskiya, ku koma masu kare ƙazanta. Ku fara da abin da kuka yarda da shi. Ku ce sashe kaza da kaza mun goyi baya, har ƙungiyarmu za ta sa ranar shara a kowane wata. Bayan haka ku kawo sassa uku ko huɗu da kuke so a gyara. Uku da aka rubuta da kyau sun fi ashirin da aka zuba a jere.

Sashen dabbobi ba naku ne ku kaɗai ba, kuma a nan nake so ku waiwaya ku ga waɗanda ba a gayyata ba. Akuyar da ke cinye wa mai kayan gwari alayyafo, ta wata mata ce a cikin gida wadda ita ce jarinta, kuma ba za ta zo sakatariya ba. Makiyayin da ke ratsa gefen kasuwa da shanu zuwa mashaya mai yiwuwa burtalinsa ne aka gina rumfuna a kai. Masu abinci, masu ƙosai, masu tallar nono, 'yan ga-ruwa, masu baro, nakasassun da ke zama a bakin ƙofa, duk dokar za ta hau kansu, kuma su ne suka fi shan wuya a hannun masu karɓar tara. Ku aika wa shugabar mata ta kasuwa, sarkin fawa, sarkin tasha da arɗo. Ku ji ta bakinsu kafin ranar. In buƙatunku sun zo ɗaya ku sa hannu a takarda guda, in sun bambanta kowa ya rubuta tasa amma ku san abin da juna zai faɗa. Babu abin da ke sauƙaƙa wa majalisa yin gaban kanta kamar ta ga masu rumfa da 'yan tebur suna musu da juna a gabanta. A kan dabbobin, ku tambayi inda za a tsare wadda aka kama, wa zai ba ta abinci da ruwa, nawa ne kuɗin fansa, kwana nawa za a jira, kuma wa zai biya in ta mutu a hannun hukuma.

Ku sanar da mai unguwa da dagaci, in ya yiwu har hakimi. Ba su da ƙuri'a a majalisar kansiloli, amma rikicin da doka za ta haifar ƙofar gidansu yake fara zuwa, kuma ciyaman yana jin maganarsu. Jam'iyya kuwa ku bar ta a gida. Da zarar an ce 'yan adawa ne suka turo ku, an daina sauraren abin da ke cikin takardar.

Ranar taron ku isa da wuri ku rubuta sunayenku a rajista. Mutum biyu ko uku su yi magana, a cikinsu a samu mace. A zaɓi wanda ba ya saurin fushi. Ya yi gaisuwa a taƙaice, ya ce ranka ya daɗe shugaban kwamiti, muna magana ne a kan sashe na kaza, ya karanta shi, ya faɗi wanda zai cutu da yadda zai cutu, ya karanta gyaran, ya zauna. Minti biyar ya isa. Ku yi da Hausa, ku kuma nemi a fassara duk abin da aka faɗa da Turanci. Ku miƙa takardar a bainar jama'a, a buga muku hatimi a kan kwafinku. Kafin a tashi, ɗayanku ya yi tambayoyi biyu a gaban kowa: yaushe kwamiti zai miƙa rahotonsa, kuma yaushe majalisa za ta zauna a kansa? A rubuta amsar.

Ku san matsayin wannan zama domin kada ku sa rai fiye da kima. Sashe na 14(2)(c) na kundin tsarin mulki ya ce za a tabbatar da shigar jama'a cikin gwamnatinsu, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi kai tsaye. Majalisa za ta saurare ku, amma ba dole ne ta ɗauki abin da kuka faɗa ba. Ƙarfinku yana wuri biyu: kansila yana zaune a cikinku zai kuma dawo neman ƙuri'a, sannan sashen da ya saɓa wa doka kotu tana iya soke shi, kuma babu majalisar da ke son a soke mata doka bayan an gargaɗe ta a rubuce.

Yawancin ƙungiyoyi bayan taro suke sakin hannu, alhali nan ne aikin yake. Doka takan bi karatu na farko da na biyu, ta je kwamiti, ta dawo karatu na uku, sannan ciyaman ya sa hannu, a wasu jihohin har sai ta bi ta ma'aikatar ƙananan hukumomi ko an buga ta a gazet, wato mujallar da gwamnati ke wallafa dokoki. A kowane mataki ana iya saka gyaranku, ana kuma iya zare shi. Ku wakilta mutum ɗaya ya riƙa leƙa ofishin akawu kowane mako. Ku je wa kansilanku gida da kwafin takardar, ku roƙe shi ya gabatar da gyaran da bakinsa a zauren, ku gaya masa za ku zo ku zauna ku saurara ranar. Gidan rediyon jiha ko na FM da ke kusa yakan karɓi irin wannan magana in kun zo da takarda a hannu ba zargi ba.

In doka ta fito, ku karɓi kwafin da aka sa wa hannu ku gwada shi da daftarin farko layi-layi. Ku duba ranar fara aiki, domin sashe na 36(8) ya hana hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne lokacin da ya aikata shi. Tun a takardarku ku nemi a ba da wa'adin wata ɗaya ko biyu na wayar da kai kafin a fara cin tara, a fassara dokar da Hausa, boko da ajami, a liƙa jadawalin kuɗin a ƙofar kasuwa inda kowa zai gani. In an bar sashen da kuke ganin ya keta doka, ku rubuta wa ma'aikatar ƙananan hukumomi da kwamitin majalisar dokokin jiha mai kula da su, ku kai kwafi ofishin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da ke babban birnin jiharku. In duk bai yi ba, lauya zai iya neman Babbar Kotun Jiha ta bayyana sashen a matsayin haramtacce. Kafin nan, ku gaya wa mambobinku kada su yi dambe da mai karɓar kuɗi. Su biya abin da ke rubuce a jadawalin, su karɓi rasit, sakatare ya riƙa tattara su a fayil ɗaya tare da wasiƙun nan masu hatimi, domin su lauyan zai fara tambaya.